Tsamiyar da Na Sare

Ranar da na fara taka fulotin da na saya a bayan gari, abin da ya tare mini ido wata tsamiya ce a kusurwar gabas, daidai bakin hanya. Tsohuwa ce ƙwarai, sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su rungume ta. A gindinta masu gonar suke shan fura idan rana ta take, kafin a yanka gonar a mai da ita fulotai. Tare muka je da Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sana'ar gini tun zamanin tubali da azara. Ya zagaya filin a hankali, ya dawo ya dafa itaciyar, ya ce: "Ɗana, ga ɗakinka na farko nan, Allah ya riga ya gina maka. Sauran ɗakunan ka jera su su fuskance ta."

Na ce, "Allah ya ja kwana Baffa, filin ƙafa ɗari ne da hamsin. In na bar ta, na rasa shago biyu ke nan." Birkila ya goya mini baya, ya ce saiwarta za ta fasa harsashin gini. Leburori kuma suna ta ƙus-ƙus cewa tsamiya matattarar iskoki ce. Baffa bai ja maganar ba, ya ce, "To, Allah ya sanya alheri." Cikin kwana uku masu gatari suka gama da ita, masu itacen girki suka kwashe.

Na yi gida irin wanda kowa ke yi yanzu. Ɗakuna suka cinye filin daga bango zuwa bango. Ɗan abin da ya rage na tsakar gida na sa aka malale shi da siminti, don kada a ga ƙura da rani ko taɓo da damina. Katanga ta tashi har ta wuce tsayin taga, aka ɗora mata waya. Ɗakin da na keɓe don aiki tagarsa ɗaya, tana kallon bangon maƙwabci, tsakaninsu bai kai taku biyu ba. Na sa mata ƙarfe, na rataya labule mai kauri. Ranar tarewa mutane suka yi ta sa albarka, ni ma ina jin na cika magidanci.

Sana'ata gyaran rubutu ce. Marubuta su kawo littafi, in bi shi harafi bayan harafi, in tsamo kuskure kafin a kai maɗaba'a. Jarin mai wannan sana'a hankalinsa ne, ba shi da wani. Wajen shekara guda da tarewa sai na ga jarin nan yana zurarewa. In karanta layi ɗaya sau uku ban san abin da ya ƙunsa ba. Kuskuren da a da ko a gigin barci ba zai wuce ni ba, sai an buga littafi a nuna mini shi. In zauna aiki da hantsi, kafin azahar na ɗauki waya sau ba adadi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne saurin fushi. Yaro ya shigo da ƙaramar tambaya, in daka masa tsawa, daga baya in zauna ina jin kunyar kaina. Wata rana maiɗakina ta ce, "Malam, yaran nan fa sun fara laɓewa in sun ji motsinka." Na je asibiti, aka auna jini, aka duba ido, aka ce lafiyata ƙalau, in rage aiki. Na rage, abin bai sauya ba.

Da damina ta tsaya, sai aka aiko cewa Gwaggo, yayar mahaifina, ba ta da lafiya a ƙauye. Na tafi da niyyar kwana biyu, na yi kwana tara. Na riƙo wani littafi mai shafi ɗari uku da ya yi wata biyu yana gagara ta. Gidan Gwaggo na ƙasa ne: zaure, sai shigifa, sai faffaɗan tsakar gida da cediya a tsakiya. Randa tana gindinta a kan yashi mai laima, lalle ya yi shinge ta gefen maɗafa, kabewa ta haye danga, kurciyoyi suna sauka su tashi. A nan aka shimfiɗa mini tabarma, kusa da ƙofar ɗakinta, don in ji in ta kira.

Ta hango ni ina murza ido ina tsaki a kan takarda. Da yake sunan mahaifinta na ci, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Babana, ajiye takardar nan. Ko rijiya in an matsa mata da guga, laka take bayarwa. Ka bar ta ta kawo ruwa." Na ajiye don kada in saɓa mata. Na kishingiɗa ina kallon yadda hasken rana ke ratso ganye yana wasa a ƙasa. Ban yi barci ba, ban kuma yi wani tunani na kirki ba. Ido ya bi wani ƙadangare ya hau reshe, ya bi gajimare, ya dawo kan tururuwa. Da na sake ɗaukar takardar, sai na ga haruffa sun tsaya cak a gabana kamar an wanke su. Haka na riƙa yi: aiki, ɗaga kai, aiki. Kafin Gwaggo ta miƙe ta fara fita tsakar gida da kanta, na gama littafin.

Da na dawo birni ciwon ya dawo cikin mako biyu. A nan na fara zargin cewa matsalar ba a jikina take ba, a ginin take. Na shiga karance-karance, kuma abin da na tarar, haɗe da abin da na gani da idona, shi ne darussan da nake so in ajiye wa mai karatu.

Darasi na farko: hankali yana gajiya kamar yadda ƙafa ke gajiya, kuma gajiyarsa ba lalaci ba ce. Tun a 1890 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, William James, ya raba hankali gida biyu. Akwai wanda mutum ke tattarowa da ƙarfi ya ɗora a kan abin da ba ya jan rai da kansa, kamar lissafi, ko tuƙi a cunkoso, ko gyaran rubutu. Akwai kuma wanda ke tafiya da kansa ba a tura shi ba, kamar idan walƙiya ta haska. Wasu malamai biyu na Jami'ar Michigan, mata da miji, Rachel Kaplan da Stephen Kaplan, suka ɗora a kan wannan a littafin da suka fitar a 1989. Suka ce hankali na farko, wanda nake kira hankalin dole, yana aiki ne ta hanyar danne duk abin da ke son ɗauke shi: hayaniyar janareta, saƙon waya, tunanin kuɗin makaranta. Dannewar nan ita ke cin ƙarfi. Idan ƙarfin ya ƙare, alamun da ke bayyana su ne yawan kuskure, kasa tsayawa a kan abu ɗaya, gaggawar yanke hukunci da saurin fushi. Ina karanta jerin ina ganin kaina. Tsawar da nake yi wa yara da kuskuren da ke tsallake ni, ashe daga rijiya ɗaya suke fitowa, kuma ita ce wadda Gwaggo ta ce ta fara ba da laka. Fahimtar haka ta sauke mini wani nauyi, domin na daɗe ina tuhumar kaina da lalaci da mugun hali.

Darasi na biyu: ba kowane zama ne hutu ba. A da, in na gaji sai in ɗauki waya, ina ganin hutawa nake yi. Amma bidiyo da labaran Facebook fizgar hankali suke yi da ƙarfi, su riƙe shi gam, ba su bar wa mutum sararin da zai yi tunanin kansa ba. Ka ajiye wayar ka ji kanka ya fi nauyi. Su Kaplan suka ce abin da ke farfaɗo da hankalin dole shi ne jan hankali mai taushi: motsin ganye, tafiyar gajimare, gudun ruwa, kukan tsuntsu. Waɗannan suna riƙe ido ba tare da sun nemi komai daga gare ka ba. Ba sa jiran amsa, ba ka tsoron wani abu ya wuce ka. Cikin wannan sassauci ne ɓangaren da ya gaji yake samun sukuni.

Sun lissafa siffofi huɗu na wurin da ke warkar da irin wannan gajiya. Ya ba ka jin ka fita daga inda damuwarka take, ko da taku goma ne. Ya kasance yana da yalwa, wato ido da tunani su sami inda za su yi yawo. Ya ƙunshi abin jan hankali mai taushi. Sannan ya dace da abin da kake buƙata a lokacin, kada ya zama wurin da za ka zauna a ɗarare. Da na auna tsakar gidan Gwaggo da wannan ma'auni, sai na ga ta cika huɗun. Da na auna nawa, ko ɗaya ban samu ba. Magabatanmu ba su karanta Kaplan ba, amma tsarin da suka bar mana, daga zaure ka karya kwana ka shiga shigifa, ka sake karya kwana ka faɗa buɗaɗɗen fili mai sama da inuwa, yana raba mutum da hayaniyar waje mataki-mataki. Gaskiyar Hausawa ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Darasi na uku: taga ba don iska kaɗai ake yin ta ba, abin da take kallo ma magani ne. Wani zai ce ai don na bar birni ne na warke, ba don cediya ba. Ni ma na yi wannan tunanin, har na ci karo da binciken Roger Ulrich da mujallar Science ta buga a 1984. Ya bi bayanan majinyata 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Pensilfaniya tsakanin 1972 da 1981. Ɗakunansu iri ɗaya ne, kuma an haɗa su bibbiyu bisa shekaru da jinsi da makamantansu. Bambancin kawai, 23 tagarsu na kallon bishiyoyi, 23 na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiya sun bar asibiti cikin kusan kwana takwas, masu kallon bango sun kusa kwana tara. Masu bishiya sun sha maganin kashe zafi mai ƙarfi ƙasa da na ɗaya ɓangaren, kuma ma'aikatan jinya ba su yawaita rubuta ƙorafi a kansu ba. Babu wanda ya je ƙauye a cikinsu. Taga ce kawai.

A 2008 Marc Berman da John Jonides da Stephen Kaplan suka gwada ɗalibai a garin Ann Arbor. Suka gajiyar da su da aikin ƙwaƙwalwa, sannan suka tura su tattaki na kusan minti hamsin, wani lokaci a lambun itatuwa, wani lokaci a tsakiyar gari. Gwajin shi ne a karanta maka jerin lambobi ka maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Bayan tattakin lambu sun fi ƙoƙari a fili. A 2015 kuma Kate Lee da abokan aikinta a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka ba ɗalibai 150 wani aiki mai gundura a kwamfuta, suka ba su hutun daƙiƙa 40. Wasu suka kalli hoton rufin bene na kankare zalla, wasu suka kalli rufin da aka shuka wa ciyayi da furanni. Masu kallon tsiro sun fi ƙarancin kuskure da aka koma aiki. Daƙiƙa 40, ko ruwan shayi bai tafasa ba. Wannan ya nuna mini cewa ba sai mutum ya mallaki lambu ba. Abin da ake buƙata shi ne ɗan kore da ido zai riƙa faɗawa a kai sau da yawa a yini, daga inda kake zaune.

Darasi na huɗu: maganar bishiya tun kafin a haƙa harsashi ake yin ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gini ma haka. Da na ji maganar Baffa, da ɗakin aikina ya fuskanci tsamiya, da ban kashe ko kwabo ba. Masu zanen gini da suka san aikinsu daga nan suke farawa. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara ta tsara kasuwar garin a 2018 ta kewaye wata tsohuwar itaciya da mutane suka saba taruwa a gindinta, ta bar ta ta zama cibiyar wurin. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da rufi mai barin iska ta ratsa, ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, kyautar da ta fi kowace daraja a fagen zanen gini. Da aka gayyace shi ya yi rumfa a Landan a 2017, siffar babbar bishiyar taron ƙauyensu ya kwaikwaya. A Singafo, asibitin Khoo Teck Puat da aka buɗe a 2010 an jera gine-ginensa ne sun rungume lambu a tsakiya suna fuskantar tafki, har da gona a kan rufi. Duniya tana kashe maƙudan kuɗi don ta dawo da abin da mu muke biyan masu gatari su kawar.

Ban ce tsoron birkila ba shi da tushe ba. Saiwar babbar itaciya tana iya taɓa gini in an matsa mata, maganinsa a ba ta tazara. Masu tsoron sauro su sani cewa a ruwa mai kwanciya yake hayayyafa, don haka kwata da tsofaffin gwangwanaye da tayoyi su ne abin lura, reshe kuma a riƙa rage shi. Masu kukan ƙarancin ruwa, ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishi zogale da lalle da lemun tsami. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya ma yana iya yanka jarka ya shuka na'ana'a a bakin taga, ya kuma ɗage labule da safe.

Darasi na biyar, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai: inuwa haƙƙi ce, ba ado ba ce ta masu hali. A birnin Shikago a da akwai wasu dogayen benaye na marasa galihu da ake kira Robert Taylor Homes, guda 28, kowanne hawa 16, zubinsu ɗaya. Wasu akwai ɗan ciyawa da bishiyoyi a gindinsu, wasu kwalta da kankare ne kawai, kuma mazauna ba su ne suka zaɓi inda aka saka su ba. Frances Kuo da William Sullivan na Jami'ar Illinois suka yi nazarin matan da ke zaune a ciki, suka buga sakamakon a 2001. Waɗanda ke kusa da bishiya sun fi ƙoƙari a gwajin tattara hankali, sun fi jin za su iya tunkarar matsalolin rayuwarsu, kuma tashin hankali a cikin gida ya fi sauƙi a wajensu. Talauci ɗaya, gini ɗaya, bambancin 'yan itatuwa.

Tun da na san wannan, ba na iya wuce makarantar da aka cusa a gidan haya, babu fili, babu ko tsiro ɗaya, tagogi sun haye sama kusa da rufi, ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. Yaro ɗan shekara bakwai muke nema ya tattara hankali tun safe har azahar a cikin akwatin bulo, in ya kasa mu ce daƙiƙi ne, mu ɗauko bulala. Haka ɗakunan jinya da majinyaci zai yi mako yana kallon silin. Ban ce bishiya za ta maye gurbin malami nagari ko likita ba, kuma wanda damuwa ta yi wa katutu ya nemi masana lafiya. Amma dashen darbejiya goma a harabar makaranta bai kai kuɗin fentin ƙofar shiga ba, kuma shi ba ya koɗewa.

Damina ta gaba na ɗauko lebura muka fasa simintin tsakar gida, taku huɗu da huɗu. Muka kwashe ɓaraguzai, muka zuba taki da jar ƙasa. Na dasa zogale uku da lemun tsami, maiɗakina ta kawo lalle da na'ana'a daga gidansu. Na toshe tagar da ke kallon bangon maƙwabci, na fasa wata babba ta ɓangaren tsakar gida, na juya teburina ya fuskance ta. Zogale ba ya ɓata lokaci, kafin shekara ya wuce tsayin taga. Tsuntsaye suka gano wurin da kansu. Yanzu in na ji layi ya fara rawa a idona, sai in ajiye alƙalami in ɗaga kai, in bar rijiya ta kawo ruwa. Kuskure ya ragu. Yara sun daina laɓewa, har ƙaramar takan jawo tabarma ƙarƙashin zogalen ta yi aikin makaranta inda zan riƙa hango ta.

Shago ɗaya daga cikin biyun nan da na sare tsamiya dominsu na rushe bayansa na mai da shi fili. Na je ƙauye na ɗauko Baffa, lokacin ƙarfinsa ya ja baya, yana dogara sanda. Na miƙa masa dashen tsamiya a leda, na ce, "Baffa, ku yafe mini, ku kuka ga daidai. Ina so hannunku ya saka ta." Ya durƙusa da ƙyar, ya yi bisimilla, ya daddanna ƙasa a gindinta. Ya ce, "Ɗana, tsamiya ba ta gaggawa. Ni ba zan sha inuwarta ba, kai ma sai dai ka ɗan taɓa. Waccan da ka sare ma wani ne ya bar maka ita, bai san ka ba."

Yau tsayinta ya kai kafaɗata. Gatari ya gama da waccan cikin kwana uku, wannan kuwa sai jikokina ne za su ga ta yi kauri irin na ta farko. Don haka in kana da fuloti kuma gobe za ka gana da birkila, ka fara zuwa filin yau da tsakar rana kai kaɗai. Ka tsaya har zafi ya dame ka, ka lura da inda ƙafarka ta kai ka neman mafaka. Ka kafa turke a wurin, ka gaya wa mai awo cewa daga nan gidan zai fara.